Yabo Ya Fi Bulala Gina Hali

Iyaye da malamai da yawa sun ɗauka cewa bulala ce maganin yaro. Binciken masana halayya na sama da shekara ɗari kuwa ya nuna cewa halin da sakamako mai daɗi ya biyo bayansa shi ne ke kama ƙasa. A 1898 Edward Thorndike ya riƙa kulle kyanwa mai jin yunwa cikin akwati a Amurka, ya ajiye abinci a waje. Da fari sai ta yi ta yaƙushi da kai-komo har ta taɓa mabuɗin ƙofar ba da niyya ba. Da aka maimaita, lokacin fitarta ya yi ta raguwa, domin motsin da ya kai ta ga abinci shi kaɗai ya zauna mata.

B. F. Skinner ya faɗaɗa wannan a littafinsa na 1938. A gwajinsa, ɓera na danna wani ɗan ƙarfe, ƙwayar abinci ta faɗo, sai dannawar ta yawaita. Da ya sa ƙarfen ya riƙa bugun ƙafar ɓeran, dannawar ta lafa na ɗan lokaci, daga baya ta dawo. Nan hujjar take. Duka yana danne hali muddin mai dukan na kusa, amma ba ya nuna wa yaro abin da ya kamata ya yi. Yabo kuwa, in ya zo nan take kuma ya ambaci aikin da aka yi, yana nuna hanya. "Madalla da ka gama aikin gida kafin ka fita" ta fi alkawarin keke a ƙarshen shekara tasiri, saboda kusancinta da aikin.

Za a ce wannan cin hanci ne, yaro zai saba ba ya motsi sai da tukwici. Maganar na da ƙanshin gaskiya. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa sun gwada yara masu son zane a makarantar reno ta Jami'ar Stanford. Waɗanda aka yi wa alkawarin takardar yabo tun kafin su fara, sha'awarsu ga zanen ta ragu daga baya. Waɗanda aka ba su ita ba zato, sha'awarsu ba ta ragu ba. Ke nan illar tana cikin ciniki, wato biyan yaro kan abin da dama yake so. Inda tukwici ke da amfani shi ne farkon koyon abu mai wuya, sannan a janye shi sannu a hankali idan daɗin iyawa ya maye gurbinsa.

Wasu kuma za su ce mutum ba ɓera ba ne. Gaskiya ne, yana da hankali da zaɓi. Sai dai a dubi caca. Skinner da Charles Ferster sun nuna a 1957 cewa tantabarar da ba ta san lokacin da hatsi zai faɗo ba tana dagewa da sara ko bayan an daina ba ta. Irin wannan ci na jefi-jefi ne ke riƙe matashi a shagon cacar ƙwallo bayan asara goma. Masu wannan sana'a sun daɗe da sanin ƙarfin sakamako, suna kuma cin riba da shi. Bai kamata gida da aji su bar musu shi su kaɗai ba. Malamin da ke lura da ƙoƙarin ɗalibi ya yaba masa a lokacin, tarbiyya yake yi da hanyar da bincike ya tabbatar tana ɗorewa.