Tabkin Popo: Gubar Dutse da Gubar Rami

A ƙasar Bolibiya, can Amurka ta Kudu, bisa tudun da ya zarce mita 3,600, akwai wani tabki da ake kira Popo, wanda a da shi ne na biyu a girma a ƙasar bayan Titikaka. A watan Disamba na 2015 ya ƙafe ƙurmus, kwale-kwalen masunta suka kife bisa busasshen taɓo. An ɗora laifin a kan fari da ɗumamar yanayi da masu janye ruwan gulbin Desagwadero domin noma, kuma ba a yi ƙarya ba. Sai dai tun kafin ya ƙafe tabkin nan majinyaci ne.

Popo tamkar ƙwarya yake. Ruwa na shiga, amma ba shi da mafita in ban da shekarar ambaliya; rana da iska ke shanye shi. Zurfinsa kuwa bai cika wuce mita 3 ba. Saboda haka duk abin da ƙoramu suka kwaso, nan yake kwanciya, shekara bisa shekara.

Kashi na farko na gubar halitta ce. Duwatsun yankin na aman wuta ne, suna ɗauke da sinadarin arsanik, wanda ruwan ƙarƙashin ƙasa da maɓuɓɓugan ruwan zafi ke narkarwa sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade mikrogiram 10 cikin lita ɗaya ta ruwan sha, amma rijiyoyi da dama na kwarin sun ninka wannan, har a ƙauyukan da babu ramin haƙa kusa. Mutanen Maraɗi ba sa bukatar dogon bayani a nan: rijiyar da aka gina a Tibiri a 1985 ruwanta garau yake, alhali sinadarin fuliyor da ke cikin ƙasa ya lanƙwasa ƙasusuwan yara.

Kashi na biyu kuwa aikin hannu ne. Don azurfa aka kafa birnin Oruro a 1606, daga baya kuza ta karɓi gari. Dutsen da ake fasawa yana haɗe da ƙibiritu. Muddin yana binne, ba ya cutar kowa. Da zarar an tono shi an tara a fili, iska da ruwan sama sun taɓa shi, sai ya riƙa tsiyayar da ruwa mai tsami irin na batir, wanda ke narkar da dalma da tutiya da kadmiyom ya gangara da su. Kuma tsiyayar ba ta tsayawa don an rufe rami. Tarin da Sifaniyawa suka bari ma bai huta ba. Mahaƙar kuza ta Wanuni, wadda gwamnati ta karɓe a 1952, ta shafe shekaru tana zuba lakarta cikin ƙoramar da ke bi ta garin zuwa tabki, har a 2009 hukuma ta kafa dokar ta-ɓaci a kan wannan kwari.

A nan gardama take. Mai rami yakan ce ƙasar da ma can da gubarta, manomi kuma ya nuna gonarsa da ta koma fako. Kowanensu ya riƙe wani gefe na gaskiya, amma hujjar mai rami ta fi rauni, domin gubobin biyu ba su ɓoyuwa ga awo: ta dutse tana tafe cikin ruwa mai kanwa, ta rami kuwa cikin ruwa mai tsami, mai barin jan tsatsa a bakin ƙorama, galibi ta gabashin tabkin inda mahaƙun suke jere.

Waɗanda suka biya kuɗin sabulu su ne Uru, ƙabilar da ke kiran kanta mutanen ruwa, wadda ba ta da gona ba ta da rami. A ƙarshen 2014 suka wayi gari kifaye sun mutu jingim a gaɓa. Ruwa ya ɗan komo bayan 2015, ya sake janyewa, kuma da yawa daga masuntan sun watse neman ƙodago a garuruwa da wuraren haƙar gishiri.