Tallafin Korona: Wa Ya Tuna da Mai Ƙuli-ƙuli?

A watan Afrilun 2020, gab da azumi, aka rufe Kano ruf saboda korona. Kasuwanni a garƙame, makarantu a kulle, taron biki kuma an hana. An yi ta kukan manyan 'yan kasuwar Kwari da Singa, amma inda abin ya fi ciwo shi ne cikin gida. Mai awara, 'yan makaranta ne kasuwarta. Mai alkaki da dubulan, in babu biki babu ciniki. Haka mai lalle, mai kitso, mai ɗinkin hula, da mai matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ɗan jarin nasu cikin makonni ya tafi a tukunya, don ba mai ajiye uwar kuɗi yaranta na kallonta da yunwa.

Gwamnati ta ce ta kawo ɗauki. A watan Maris na shekarar, Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 na rance ga magidanta da ƙananan masana'antu ta bankin NIRSAL. Daga baya aka fito da Survival Fund na naira biliyan 75. A takarda kuɗin sun cika ido.

To, duba ƙofar shiga. A ɓangaren biyan albashi, sai kana da rajistar kamfani ta CAC, da jerin ma'aikata, da asusun banki, da BVN, sannan ka cike fom a intanet. Ku gaya mini, wace Hajiya mai fura ce a Yakasai ke da takardar albashi? Ma'aikatanta 'yarta ce da ƙanwar mijinta, asusunta kuwa gwangwani ne a ƙarƙashin gado. Wanda ya tsara sharuɗɗan nan kamfani mai allo a bakin titi yake gani a ransa, ita kuwa ba ta ma faɗo masa ba.

Za a ce ai an yi wa masu sana'ar hannu tanadin naira 30,000 kowanne, an kuma yi wa ƙananan sana'o'i 250,000 alkawarin rajista kyauta. Gaskiya ne. Amma mutum 333,000 aka ƙiyasta wa wancan kuɗin, har da direbobi, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Rajistar kuma me za ta tsinana wa wadda jarinta ya riga ya ƙare? Takarda ba ta sayen mudun waken suya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne matan nan ba ɓoyayyu ba ne. Uwar adashi ta san kowacce da sana'arta, ta san mai cika alkawari da mai noƙewa, sanin da babu manajan bankin da yake da shi. Mai unguwa ya san gidan da ake suya, malamar Islamiyya ta san wadda mijinta ya rasu. Da an bi ta hannunsu, da kuɗin sun shiga soro. Ba a bi ta nan ba, sai aka bar matan da ba su iya cike fom ba a hannun masu shagon kwamfuta, su biya kuɗin cikewa, su dawo gida suna jiran saƙon banki a wayar maƙwabci.