Idan manhaja ta yi kuskure a Zagga, wa zai gano?

Ranar 14 ga Mayun 2025 shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya zauna gaban 'yan jarida yana share hawaye. Ya amsa cewa makin da aka ba ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas ba nasu ba ne. An yi wa manhajar jarrabawar gyara, kamfanin da ke kula da wasu manyan kwamfutocin bai ɗora gyaran yadda ya dace ba, na'ura ta yi ta auna yara da ma'aunin da ya karkace. An sake musu jarrabawa. Jama'a sun yaba wa Farfesan da ya fito ya ɗauki laifi, mu ma mun yaba, don ba a saba ganin haka daga shugaban hukuma a ƙasar nan ba. Sai dai akwai tambayar da ta tsaya mana a rai: da a ce cibiya guda ce tak abin ya shafa, wadda yaran Zagga da Ka'oje da Illo suke zuwa, wa zai gano?

A ganinmu babu. A Legas an gano ne saboda akwai iyaye masu lauyoyi, da makarantu masu ajiye makin gwaji na kowane yaro, da dubban masu surutu a Facebook da X har hukuma ta kasa yin kunnen uwar shegu. A ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, inda garuruwan nan suke, yaron da ya kwana karatu ya fito da maki 140, uba zai ce Allah bai nufa ba, malami ya ce a ƙara ƙoƙari baɗi, na birni kuma ya taɓe baki ya ce ai dama yaran ƙauye ne. Sakamakon ya yi daidai da abin da kowa ya zata, don haka ba wanda zai zargi na'ura. Wata uku bayan haka WAEC ta fitar da sakamakon da ya ce kashi 38.32 cikin ɗari ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, cikin 'yan kwanaki ta janye, ta ce an yi kuskure wajen makin Turanci, adadin ya koma kashi 62.96. Tsakanin alƙaluman nan biyu akwai yaran da aka riga aka yi wa faɗa a gida.

Jarrabawa sau ɗaya take zuwa a shekara, ciniki kuwa kullum ne. Manomi ya kai shanshera kasuwa, dillali ya ce zai yi masa taransifa, ya nuna masa fuskar waya da rubutun da ke cewa kuɗi sun tafi. Alat bai shigo ba. A tsaya a rana ana jiran sabis, wanda a ƙauyukan bakin iyaka wani lokaci sai waya ta kama layin ƙasar Benin ta saki na gida. Ko kuma a wurin mai POS: na'ura ta tofo 'yar takarda ta ce ciniki bai yiwu ba, amma an zare kuɗin daga asusu. Mai POS ya ce shi bai ga komai ba, kuma gaskiya ya faɗa. Takardar nan ita ce kaɗai hujjar mai kuɗi, ga shi kwana kaɗan a aljihu da gumi tawadarta ta goge. Tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya ce a warware irin wannan rikicin na POS cikin awa 72. Mutum nawa ne a Zagga suka san da wannan umarni, kuma nawa ne za su kashe wuni da kuɗin mota zuwa reshen banki don bin sawun naira dubu goma? Duk wanda ya ga wahalar ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, lokacin da aka tura kowa ga waya manhajojin bankuna suka riƙa durƙushewa, ya san abin da muke nufi.

Manhaja ta zama mudun zamanin nan. Mudun kasuwa kowa na iya kifar da shi ya duba ko an buga masa gindi, sarkin kasuwa na iya ƙwace shi. Wannan kuwa a Legas ko a wata ƙasa aka ƙera shi, mai ƙerawar bai taɓa jin sunan Zagga ba, wanda ake auna wa kuma ba shi da ikon leƙa cikinsa.

Rashin sanin wurin kansa wani nau'in sakaci ne. Fam ɗin da ya dage sai an rubuta lambar gida da sunan titi, an tsara shi ne ba tare da tunanin rugar Bafulatani ko tungar masunta a gaɓar Kwara ba. Mutum ɗaya ne Muhammadu a NIN, Mohammed a BVN, Mamman a katin zaɓe, don ma'aikata uku ne suka rubuta masa, kowa da yadda ya ji. Dattijon da aka haifa shekarar wata ambaliya an liƙa masa 1 ga Janairu a nan, wata rana dabam a can. Manhaja ta ce sunaye ba su dace ba, ta rufe asusu ko layin waya, kuma ba ta bar ƙofar da mutum zai shiga ya yi bayani ba. Ƙwararren da ya san aikinsa zai tambaya tun farko yadda mutanen da za su yi amfani da abin suke kiran kansu, a yankin da ake jin Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da Kyanganci a kasuwa ɗaya.

Wannan sakaci ke nan. Akwai kuma ganganci. A 2021 hukumar NITDA ta ci kamfanin bashi na Soko Lending tarar naira miliyan 10 saboda manhajarsa tana kwashe lambobin da ke cikin wayar mai karɓar bashi, a riƙa aika wa 'yan'uwa da abokansa saƙon tozarci. Wani ne ya zauna ya rubuta wannan ɓangaren, ya gwada shi, ya ga yana aiki, ya karɓi albashi. Cewa maigida ne ya sa shi ba ta wanke shi ba.

Kada a ɗauka matsalar ƙasashe irin tamu ce kawai. A Birtaniya, tsakanin 1999 da 2015, an gurfanar da masu kula da ƙananan gidajen waya sama da 900 bisa zargin sata, saboda manhajar Horizon ta kamfanin Fujitsu tana nuna giɓin kuɗin da babu shi. An ɗaure wasu, wasu sun talauce, wasu sun mutu da tabon. Sai a 2019 kotu ta tabbatar manhajar na da kurakurai, a 2024 majalisa ta yi dokar soke hukunce-hukuncen. Abin da ya ja zaluncin ya kai shekara ashirin shi ne ɗaukar maganar kwamfuta a kan ta mutum, da shirun waɗanda suka san akwai matsala. Idan haka ta faru da Bature mai lauya, ina ga mai POS na Tsamiya ranar da lissafin kamfani ya ce ya ci kuɗi?

Malamanmu na ƙasar Gwandu ba baƙin wannan mas'ala ba ne. A fiƙihun Malikiyya, wanda almajiri ke tararwa tun a Risala, mai sana'ar da aka damƙa wa kaya ya tafi da su wurin aikinsa shi ke da lamunin su idan sun salwanta, sai in ya kawo hujja. Hikimar a fili take: mai kaya ba ya ganin abin da ke faruwa a cikin shago, don haka nauyin hujja yana kan wanda ke ciki. Wannan ƙa'idar muke so a ɗora wa masu manhaja. Idan na'ura da manomi suka saɓa, kamfani ne zai buɗe littafinsa ya nuna gaskiyarsa.

Dokoki akwai su. Tun 1993 aka kafa majalisar rajistar ƙwararrun kwamfuta, CPN, sannan a Yunin 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a. Amma idan gini ya rushe ana neman injiniyan da ya sa hannu a zane, manhaja kuwa ta kifar da yara sama da dubu ɗari uku sai a ce tangarɗar na'ura ce, kamar saukar aradu. Muna kira ga gwamnatin Kebbi da ta sa sharaɗi a duk kwangilar manhajar da za ta taɓa albashi, rabon taki, bashin noma ko rajistar ɗalibai: a rubuta sunan ƙwararren da ya duba ya amince, a gwada ta a gari irin Zagga da ƙaramar waya da raunin sabis kafin a biya kuɗin ƙarshe, a kuma ajiye mutum mai jin Hausa a hedikwatar ƙaramar hukuma wanda ke da ikon gyara kuskure, ba mai cewa a je Birnin Kebbi ba. Jami'ar Aliero da ta Tarayya da ke Birnin Kebbi da kwalejin Waziri Umaru su koya wa ɗalibansu labarin Horizon da na JAMB kamar yadda suke koya musu rubuta manhajar kanta, su kuma koya musu cewa akwai aikin da ake cewa ba zan yi ba.

Gwamnatin Tarayya ta bayyana a 2025 cewa tana son WAEC da NECO su koma jarrabawa ta kwamfuta. Kafin a zaunar da yaran Bagudo gaban allon, Ma'aikatar Ilimi ta jihar ta nemi a ba kowace makaranta damar ganin amsoshin ɗalibanta bayan an fitar da sakamako, kuma shugabannin makarantu su fara ajiye makin gwajin yaransu tun daga wannan zangon.