Jirgin Ostiya da unguwannin da ya haifa

Ranar 10 ga Agustan 1924 aka buɗe layin dogo daga birnin Roma zuwa Ostiya, garin da ke gaɓar Bahar Rum, kuma Mussolini da kansa ya halarci bikin. A lokacin, babban amfaninsa shi ne kai mutanen birni shan iska a bakin ruwa idan zafi ya tsananta. Yau tsawonsa ya ɗan haura kilomita 28, daga tashar Porta San Paolo har zuwa ta Cristoforo Colombo, wadda aka ƙarasa da layin gare ta a 1960. Ya sha ɓarna a Yaƙin Duniya na Biyu, aka gyara shi, ya ci gaba da aiki.

Abin da ya sa nake yawan kawo wa ɗalibaina misalinsa shi ne yadda aikinsa ya sauya ba tare da wani ya zauna ya tsara hakan ba. Inda duk aka kafa tasha, gidaje suka biyo baya. Acilia da Vitinia da Casal Bernocchi suka cika da ma'aikata da 'yan makaranta waɗanda abincinsu ke cikin birni. Ostiya kanta ɓangare ce ta hukumar birnin Roma, shi ya sa tikitin bas na cikin gari yake kai mutum har bakin teku. Jirgin 'yan yawon shaƙatawa ya zama jirgin masu sammako. Baƙi kan sauka a Ostia Antica su kalli kufan tsohuwar tashar jiragen ruwan Rumawa, amma ba su ne ke cika taragai da asuba ba.

To, a nan gizo ke saƙar. Shekara da shekaru ƙungiyar kare muhalli ta Legambiente tana sanya layin cikin mafiya muni a Italiya a rahotonta kan sufurin masu zuwa aiki. A Satumban 2021 lamarin ya kai intaha: aka janye jirage da dama saboda lokacin babban garambawul ɗinsu ya cika, waɗanda suka rage ba su isa ba, sai aka rufe tashoshi uku na ƙarshe, aka maye gurbinsu da motocin bas. Ban yarda a ɗora laifin a kan tsufa ba. Ranar garambawul ba ta zuwa bagatatan. Tun ranar da aka sayi jirgi ake sanin ta.

A Yulin 2022 aka karɓe layin daga kamfanin ATAC na birnin Roma, aka damƙa tafiyar da jiragen ga Cotral, kula da dogon kuma ga Astral, dukansu mallakar yankin Laziyo. Aka kuma raɗa masa sabon suna, Metromare. Suna ne mai daɗin faɗa, na amince. Sai dai in da ni ne mazaunin Acilia mai shiga aiki ƙarfe takwas, abin da zan tambayi sababbin masu layin shi ne minti nawa ne tsakanin jirgi da jirgi, kuma jirage nawa ne lokacin garambawul ɗinsu zai cika baɗi.