Kwamfuta Mai Shan Ruwa: Nasiha Ga Mai Haɗa Ta Farko

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Wushishi ya san cewa zafin watan Maris da Afrilu ba abin wasa ba ne, domin rana takan kai ma'aunin zafi kusa da digiri 40, ɗakin kwano kuwa ya zama kamar tanderu. A irin wannan lokaci ba ɗan Adam kaɗai ke jigata ba, har da na'urorinsa. Kwamfutar tebur mai ƙarfi, irin wadda ake zanen gini ko tace hoton bidiyo da ita, takan yi ta gurnani, fankokinta suna juyi kamar za su tashi sama. Idan ƙwaƙwalwarta ta doshi digiri 95 zuwa 100, sai ta rage wa kanta gudu don gudun ƙonewa. Wannan ne ke sa saurayin da ya karanta fasaha, ko a Kwalejin Fasaha ta Zungeru ko a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, ya yi sha'awar haɗa kwamfutar da ruwa ke sanyaya ta.

Dabarar dai ba sabuwa ba ce. Kamfanin IBM na Amurka ya fito da babbar kwamfutarsa mai lamba 3081 a 1980, ruwa ne ke ratsa ta yana kwashe zafi. A 2004 kuma kamfanin Apple ya sayar da Power Mac G5 mai sanyaya ta ruwa, wasunsu kuwa suka yi yoyo bayan 'yan shekaru. Dalilin da ya sa masana suka koma ga ruwa a fili yake: zafin da kofi ɗaya na ruwa zai ɗauka, sai iska cikin kofi fiye da 3,000 kafin ta ɗauke shi.

Wanda ya san lagireton mota ya riga ya san rabin aikin. Akwai wani ɗan faranti na jan ƙarfe da ake ɗaurawa bisa ƙwaƙwalwar kwamfuta, bayan an shafa ɗan man da ke sadar da zafi a tsakaninsu. Ƙaramin famfo yana tura ruwa ta cikin tiyo, ruwan ya ratsa farantin ya kwaso zafi, ya kai shi lagireto, fanka ta hura zafin waje, sa'an nan ruwan ya komo tanki ya sake zagayowa.

To, a nan ne mutane da yawa ke yin kuskure, suna zaton abin kamar randa ne. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta yana tsattsafowa, iska tana busar da danshin tana tafiya da zafi. Da wannan hikima ce marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Amma ruwan kwamfuta a rufe yake ruf, ba ya busarwa, saboda haka ba zai taɓa yin sanyin da ya fi na iskar ɗakin ba. Watau ruwan ɗan dako ne kawai, zafi yake ɗauka daga nan ya sauke a can. In ɗaki ya kai digiri 38, daga 38 ɗin ruwan zai fara hawa. Wanda ya kulle kansa a ɗaki marar taga, ko nawa ya kashe a kan tiyo da famfo, zafin da aka fitar daga akwatin yana nan tare da shi, kuma shi fanka za ta sake jawowa. Gyaran ɗaki yana gaba da gyaran na'ura.

Abu na biyu shi ne irin ruwan. Kogin Kaduna, wanda Wushishi ke kusa da gaɓarsa, shi ne ke juya injunan Shiroro masu megawat 600 da na Zungeru masu megawat 700, amma ko cokali ɗaya na ruwansa bai halatta ya shiga kwamfuta ba. Haka ruwan rijiya, da na burtsatse, da na leda. Dukansu suna ɗauke da gishirin ƙasa da ƙananan halittu, waɗanda ke zama gansakuka su toshe siraran hanyoyin farantin. Abin da ake zubawa shi ne tataccen ruwan da aka samo daga tururi, tare da maganin hana tsatsa da gansakuka, ko kuwa ruwan da aka haɗa musamman don wannan aiki. Kada kuma a gama jan ƙarfe da alminiyon a hanyar ruwa ɗaya, domin alminiyon zai yi ta cinyewa a ɓoye har ranar da zai huje. Araha ba ta ado.

Abu na uku, kuma mafi girma, shi ne gwaji. Ruwa da lantarki ba su ga maciji da juna, ɗigo ɗaya bisa babban allon kwamfuta yana iya cinye kuɗin da aka yi shekara ana tarawa. Ƙa'idar masu aikin ita ce, bayan an ɗaura kowane tiyo, a ba famfo kaɗai wuta, sauran kayan duka a cire su daga lantarki. A shimfiɗa farar takarda mai tsotse ruwa a ƙarƙashin kowace mahaɗa, a bar ruwan yana zagayawa kwana ɗaya cur, ana karkata akwatin a hankali don kumfar iska ta fita. Kada a bar famfo ya yi gudu babu ruwa, domin nan da nan yake lalacewa. Sai takarda ta wayi gari a bushe sa'an nan a kunna kwamfutar. Gaggawa aikin Shaiɗan ce.

Bayan haka aiki bai ƙare ba. Ƙurar hunturu takan cushe lagireto, tilas a riƙa hure ta, ruwan kuma a sauya shi kamar sau ɗaya a shekara. Wutar da ke hawa da sauka tana buƙatar na'urar daidaita ta.

Wanda ya ga ba zai iya wannan hidima ba, babu abin kunya. Akwai na'urar sanyaya ta ruwa da ke zuwa a rufe daga masana'anta, ɗaurawa kawai ake yi, kuma babbar fanka mai kyau ta ishi yawancin ayyukan ofis da makaranta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda kuwa ya ɗaura niyya, to, ya buɗe tagar ɗakinsa tukuna, ya tanadi tataccen ruwa, ya ba gwaji kwanansa ɗaya cikakke. Mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa.