Kafin A Ƙaro Na'urori, A Daidaita Sunaye

A watan Oktoban 2024, lalata layin lantarki na Shiroro zuwa Kaduna da katsewar na Ugwuaji zuwa Apir sun jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu na kwanaki. Asibitoci, tashoshin tura ruwa da turakun sadarwa duk sun ji a jikinsu. Kowace hukuma tana da nata rajistar kadarori, amma taransifoma ɗaya kan ɗauki suna daban a kowane kundi, kuma kwamfuta ba ta gane cewa abu guda ake nufi.

Maganin wannan shi ne abin da masana ke kira ontoloji: ƙamus na bai ɗaya da ke fayyace kowane abu da alaƙarsa da sauran, ta sigar da na'ura za ta fahimta. Idan aka rubuta cewa wannan layi ke ciyar da waccan tasha, ita kuma ke ba asibiti ruwa, da zarar layin ya faɗi, cibiyar kula da rarraba lantarki ta Osogbo za ta ga waɗanda abin zai shafa nan take. Kamfanonin dakon lantarki na Turai sun daɗe suna musayar bayanai bisa ma'aunin CIM.

Saboda haka nauyin yana wuyan jami'an da ke tsara takardun kwangila. Duk manhajar sa ido da gwamnati za ta saya, a gindaya mata sharaɗin bin ƙamus ɗaya, kuma ƙamus ɗin ya kasance mallakar gwamnati, domin kada ya tafi tare da ɗan kwangila ranar da yarjejeniya ta ƙare.