Ɗanki ya san tafasa da rai-ɗore?

Agusta ya kama, hanyoyin gona daga Kamarawa har Isa da Sabon Birni sun yi kore shar. Tafasa ta yi fure ruwan ɗorawa, gasaya ta yi fari. A da, yanzu ne yara ke bin iyayensu mata tudu da fadama tsinkar ganye, suna koyon sunan kowace ciyawa. Yau 'yan bindiga sun raba mu da daji, yaranmu na tasowa ba su san na ci da na guba ba.

Kada ki kai su nesa. Bakin gari ya isa, da hantsi, cikin jama'a, da rufaffen takalmi saboda maciji. Nuna masu: bakin ganyen tafasa a zagaye yake, na rai-ɗore mai tsini ne, kuma ɗanyun 'ya'yansa na illata hantar yaro. Farin furen nan mai kama da kakaki zaƙami ne, kada su kai shi baki.

In fita ba ta yiwuwa, sa mai zuwa gona ya tsinko miki, ki koya masu a tsakar gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ke wane ganye kakarki ta fara nuna miki?